Hakiya a ido: matakan da za a bi daga Damagaram kafin a kai ga dashen tantanin ido

Idan fari ya zauna a baƙin idon mutum, masu ba da shawara ba sa ƙaranci. Wannan ya ce a tafi Kano, wancan ya ce akwai mai magani a ƙauyensu, wani kuma ya gani a WhatsApp wai a Indiya ana cire ido a sa sabo. Kafin a ankara an sayar da bijimi ko an jinginar da gona, alhali ba wanda ya tsaya ya tambayi ainihin wurin da ganin ya lalace. Dashe aiki ne na gaske, yana maido da gani. Amma ba kowane ido ne yake amfana da shi ba, kuma rabin nasararsa tana hannun majiyyaci bayan ya dawo gida. Ga yadda ya kamata a bi abin daki-daki.

Mataki na farko: a gane inda ganin ya lalace

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garau, kamar gilashin da ke rufe fuskar agogon hannu. Likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci suna ce masa korne. Kaurinsa a tsakiya kusan rabin milimita ne, faɗinsa milimita 11 zuwa 12, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, kuma shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido. Idan ya yi tabo sai ya koma fari. Wannan ita ce hakiyar da dashe yake magani.

Yanar ido daban take. Ita tana can ciki, bayan baƙin ido, kuma aikinta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Hawan jinin ido kuwa jijiyar gani yake cinyewa a hankali, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa, ko da dashe ko babu. A nan ne ya kamata a kawar da wani ruɗani: babu inda ake dasa ido ɗungurungum ya yi gani. Abin da ake kira dashen ido, wannan siririn tantanin na gaba kaɗai ake canzawa.

Za ka iya samun haske tun a gida. Zaunar da mutumin a ɗaki mai ɗan duhu, ka haska fitilar salula daga gefen fuskarsa, ba daga gaba ba. Idan farin yana kwance a sama-sama, ya rufe launin idon har ba ka ganin abin da ke ƙarƙashinsa, alama ce ta tabon tantani. Idan kuwa saman yana ƙyalli garau, farin yana leƙowa ne ta cikin ɗan zagayen tsakiya, ya fi kama da yana. Wannan dubawar ba ta yanke hukunci, tana dai taimaka maka wajen yi wa likita bayani. Idan ƙaramin yaro ne aka ga fari a tsakiyar idonsa, kada a jira kasuwa ta ci ko a gama girbi. A kai shi cikin satin nan, domin akwai ciwon dajin ido na yara da yake fara nuna kansa haka.

Mataki na biyu: awon likitan ido

Daga Mirriya kake, ko Magariya, Matamaye, Tanut ko Gure, fara da majo na asibitin kusa ya rubuta maka takardar turawa zuwa sashen ido na babban asibitin Damagaram. Ka zuba duk kwalaben maganin da aka taɓa ɗiga wa idon a leda ka tafi da su, har waɗanda suka ƙare. Idan an sa maganin gargajiya, ka faɗa. Likita ba alƙali ba ne, yana so ne ya san abin da ya shiga idon.

Za a auna ƙarfin gani, a duba idon da na'ura mai siririn haske wadda ake ɗora haɓa a kanta, a auna hawan jinin idon. Idan tabon ya hana ganin ciki, ana yin hoton ekogirafi don a tabbatar bayan idon lafiya yake. Kafin ka tashi daga kujerar, ka samu amsar waɗannan: shin jijiyar ganin tana da rai? Tabon ya tsaya a sama ne ko ya ratsa ƙasa? Jijiyoyin jini sun shiga cikinsa? Da kuma wadda mutane suka fi jin nauyin yi: idan an yi dashen, wane irin gani za a sa rai da shi? Idon da ba ya bambance haske da duhu kwata-kwata, dashe ba zai tashe shi ba, duk wanda ya ce maka zai tashe shi kuɗinka yake so.

Mataki na uku: a kashe abin da ya jawo tabon

Yankinmu ya daɗe yana fama da amodari. Idan ya tsufa a ido sai fatar ido ta naɗe ciki, gashin ya riƙa gogar tantanin duk ƙiftawa. Iyayenmu mata da yawa suna yawo da ɗan matsefin tsige gashin a ɗaure a bakin zane. Tsigewa sauƙin kwana kaɗan ne, gashin yana sake fitowa da kaifi. Maganinsa ƙaramin aiki ne da ake juya fatar idon waje, ma'aikatan da aka horar suna yin sa a asibitocin karkara, ba ya buƙatar kwanciya. Babu likitan kirki da zai dasa sabon tantani a ƙarƙashin gashin da ke gogarsa.

Sai gyambon ido. Lokacin girbin hatsi da sussuka, kara ko ƙaiƙayi ya soki ido, mutum ya murza ya ci gaba da aiki. Bayan kwana biyu ko uku ido ya yi ja, hawaye ba tsayawa, ɗan farin ɗigo ya bayyana. Wannan ɗigon shi ne farkon hakiya, kuma a kwanakin nan ne ake iya ceton idon da magani kaɗai. Abin da ya fi ɓata shi biyu ne: ruwan ganye, nono ko kwalli da ake zubawa, da maganin ɗigawa mai kortizon da ake saye a tebur. Kortizon yana kwantar da ja, mutum ya ɗauka ya samu sauƙi, alhali ƙwayar cutar tana ƙara cin tantanin har ta huda shi. Ina roƙon duk mai karanta wannan, kada ka ɗiga wa jan ido mai zafi wani abu sai da takardar likita.

Idan ruwan batir, siminti ko farar ƙasa mai ƙuna ya fantsama a ido, a fara da wanki nan take da ruwa mai tsabta, a buɗe idon ana kwarara masa har minti 20 zuwa 30, sannan a nufi asibiti. Yara kuma, allurar rigakafin ƙyanda da bitamin A suna hana hakiyar da ta makantar da yara masu yawa a da.

Mataki na huɗu: ko akwai aikin da ya fi dashe dacewa?

Sau da yawa akwai. Idan yana ce, ana cire ta a sa ƙwayar roba a gurbinta, aikin da likitan Ingila Harold Ridley ya fara a 1949, kuma yau ana yin sa a nan gida cikin ƙasa da awa ɗaya. A guji masu zagaye ƙauyuka suna tura yana cikin ido da tsinke. Mutum yakan ga haske a ranar, daga baya kumburi ko hawan jinin ido ya cinye idon.

Idan tabon ya tsaya a tsakiya kawai, gefen tantanin yana garau, likita yana iya yanke ƴar ƙofa a baƙin idon daidai wurin da ke garau, haske ya samu hanyar shiga. Ganin ba ya kai na dashe kyau, amma ba a jiran tantanin wani, ba kuma fargabar jiki ya ƙi shi. Ga mutumin ƙauye mai nisa, sau da yawa wannan ne zaɓin hankali.

Akwai kuma samari da ƴan mata da tantaninsu ke sirancewa yana yin tsini, tabarau ya yi ta canzawa ba ya gamsarwa. Yawanci za ka tarar tun suna yara suna fama da ƙaiƙayin ido suna murzawa. Idan an gano da wuri, akwai aikin da aka ƙirƙiro a birnin Dresden na Jamus: a jiƙa tantanin da bitamin B2, a haska masa wani haske na musamman, sai ya yi tauri ya daina lalacewa. Ba ya maido da abin da ya tafi, amma yana iya hana a kai ga dashe. Sharaɗin farko dai a bar murza ido.

Aikin leza, irin su LASIK, PRK da SMILE, na masu lafiyayyen ido ne da suke son rabuwa da tabarau. Ana sassaƙe tantanin kaɗan don a gyara yadda yake karɓar haske. Sai mutum ya kai shekara 18, lambar tabaraunsa ta tsaya wuri ɗaya aƙalla shekara guda, an kuma auna kauri da siffar tantanin an ga zai ɗauka. Ba ya maganin yana, ba ya maganin hawan jinin ido. Yana jawo bushewar ido na wasu watanni, abin da ya kamata mai zama cikin hunturu da ƙurar Damagaram ya sa a lissafi, kuma bayan shekara 40 tabarau na karatu zai dawo. A ganina, wanda tabarau ke yi wa aiki lafiya ba shi da dalilin gaggawa.

Mataki na biyar: wane irin dashe, kuma wa yake yi wa amfani

Aikin ba sabo ba ne. Likita Eduard Zirm ya yi shi cikin nasara tun 1905 a garin Olomouc, a ƙasar Cek ta yau, ga wani leburan gona da farar ƙasa ta ƙona wa idanu. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne ba dole a canza tantanin gaba ɗaya ba.

Idan tabon ya ratsa daga sama har ƙasa, ana yanke zagaye mai faɗin kusan milimita 8, a ɗora na mai bayarwa, a ɗinke da zaren da ya fi gashin kai siriri, galibi ɗinki 16. Wannan shi ne tsohon salo, kuma shi ya fi dacewa da yawancin hakiyar da muke gani a nan. Idan lalacewar ta tsaya a sama, ana iya cire saman a bar wa mutum shimfiɗarsa ta can ƙasa, aikin da ake kira DALK. Amfaninsa babba ne, domin wannan shimfiɗar ta ƙasa ita ce jiki ya fi kai wa hari idan ta wani ce. Idan kuma ita ta ƙasan ce ta gaza, kamar yadda yakan faru bayan aikin yana mai wahala, tantanin ya cika da ruwa ya yi hazo, sai a canza ita kaɗai ta ƴar ƙaramar kafa, a tura kumfar iska ta manne ta. Salon wannan aikin biyu ne, DSAEK da DMEK, na biyun likitan Holan Gerrit Melles ne ya fito da shi a 2006. Gani yakan dawo cikin makonni, amma a kwanakin farko sai an kwanta rigingine don iskar ta riƙe dashen.

Wanda tantaninsa ya yi tsini shi ya fi kowa sa'a, sama da 9 cikin 10 na irin wannan dashen suna nan garau bayan shekara 5. Tabon da jijiyoyin jini suka mamaye, da na ƙunar sinadari, da idon da amodari ya busar, su ne suka fi ƙin dashe. Ƙananan yara ma aikinsu yana da wuya. Idan ɗayan idon yana gani lafiya, likita zai iya ce maka a haƙura, kuma wannan ba rowa ba ce. Wanda idanunsa biyu suka rufe shi ne ya fi cancanta a yi masa wannan ɗawainiyar.

Mataki na shida: daga ina tantanin yake zuwa

Daga mamaci ne da ya yi wasiyya, ko danginsa suka amince. Ana cirewa cikin awoyi kaɗan bayan rasuwa, a gwada jininsa don kauce wa sida da ciwon hanta, a ajiye a bankin ido. A cikin sanyi yana kaiwa kwana 14. Galibi ba a buƙatar jinin mutanen biyu ya zo ɗaya, kuma launin idonka ba zai canza ba.

Ƙarancinsa ne babbar matsala. Wani bincike na duniya da aka wallafa a 2016 ya nuna mutum miliyan 12.7 ke jira, kuma tantani 1 ne ake samu ga kowane 70 da ake buƙata. Habasha ta buɗe bankin idonta a Adis Ababa a 2003, amma a yammacin Afirka yawanci sai an yi odarsa daga waje. Shi ya sa aikin ke da tsada, shi ya sa kuma ake sa rana gwargwadon isowar tantanin, ba yadda majiyyaci yake so ba.

Ta fuskar addini, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci don amfanin mai rai, da sharaɗin izininsa ko na magadansa, kuma ba da ciniki ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya zauna da malaminsa tun kafin tafiya.

Mataki na bakwai: shirin tafiya da ranar aiki

Bari likitan da ya duba ka a nan ya zaɓa maka inda za ka, ya rubuta cikakken rahoto. Kano tana kusa, wajen kilomita 240, kuma tana da tsofaffin asibitocin ido. Kaduna tana da cibiyar ido ta ƙasa, Bamako tana da cibiyar ido ta IOTA, wasu kuma suna wucewa Tunisiya, Maroko, Masar ko Indiya. Kafin a biya ko dala, a kira asibitin kai tsaye, ba ta bakin dillali ba, a ji wane irin dashe za a yi, daga wane banki tantanin zai zo, kwana nawa za a zauna bayan aiki, sau nawa za a dawo.

Wajen lissafin kuɗi, kada a tsaya a kan na aiki kaɗai. A haɗa da masauki na makonni, abincin ɗan rakiya, maganin shekara guda aƙalla, da kuɗin motar komawa sau da dama. Iyalin da suka zuba duk abin da suke da shi a ranar aiki, suka dawo ba na sayen maganin wata na uku, sun yi asarar kuɗin da idon gaba ɗaya. Mai ciwon suga ko hawan jini ya daidaita su tun a gida.

Aikin kansa awa ɗaya ne zuwa biyu, da allurar kashe zafi a gefen ido ko ta barci. Washegari a buɗe bandeji. Kada hankali ya tashi idan an ga hazo. A dashen da aka ɗinke, gani yana gyaruwa ne a hankali cikin watanni, wani lokaci har shekara.

Mataki na takwas: bayan an dawo gida

Nan ne aikin yake. Jiki ya san wannan tantanin ba nasa ba ne, kuma abin da ke hana shi kai masa hari shi ne maganin ɗigawa mai kortizon, wannan karon da umarnin likita da sa idonsa. Ana farawa da sau da yawa a yini, a riƙa ragewa cikin watanni, wasu ma ɗigo ɗaya kullum har tsawon rai. Ba a tsayar da shi don ido ya yi kyau, ba a tsayar da shi don kwalba ta ƙare ana jiran ranar kasuwa. A sayi sabuwa tun tsohuwar tana da saura, a ajiye ta a inuwa, ba a aljihu cikin zafin bazara ba.

Yadda ake ɗigawa: wanke hannu da sabulu, ɗaga kai, ja fatar ido ta ƙasa da yatsa ɗaya har ta yi ɗan lungu, saki ɗigo ɗaya a ciki ba tare da bakin kwalbar ya taɓa gashin ido ba. Rufe idon, ka danna kusurwar da ke jikin hanci da kan yatsa na minti ɗaya ko biyu. Dannawar tana tsare maganin a idon, tana kuma rage gangarowarsa zuwa maƙogwaro, abin da ke damun masu azumi. Idan magani biyu ne, a bar minti 5 tsakaninsu. Kafin watan Ramadan a tambayi likita ko za a iya jera lokutan tsakanin buɗa-baki da sahur. Idan ba zai yiwu ba, a kai maganar gaban malami, amma kada mutum ya yanke wa kansa barin magani.

A makonnin farko, wajen alwala kada ruwa ya shiga idon, kuma a tambayi likita yaushe za a koma sujada, kafin nan a yi sallah da nuni. Ba ɗaukar buhu, ba jan guga, ba daka, ba kwalli. Da dare a rufe idon da murfin roba da aka bayar, kada a murza cikin barci. Da rana tabarau, musamman a kan kabu-kabu da lokacin iskar hunturu. Uwa mai goyo ta yi hattara da hannun jariri.

Alamu huɗu ne kowa a gidan ya kamata ya haddace: ido ya yi ja, haske ya fara damunsa, gani ya ragu, ko zafi ya taso. Ko ɗaya aka gani, a je wurin likitan ido a ranar, ko da shekara 10 ke nan da yin aikin. Suna iya nuna cewa jiki ya fara ƙin dashen. Idan an kama wannan ƙin cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa ƙarin magani yana juya shi. Idan aka yi sati ana cewa bari mu gani, dashen yakan yi fari, kuma na biyu bai kai na farko samun karɓuwa ba. Saboda haka tun kafin a bar asibitin da aka yi aikin, a karɓo rahoto a rubuce da lambar da za a kira, a kawo wa likitan Damagaram ya san da zamanka. Shi ne zai gan ka cikin awoyi, ba wanda ke wata ƙasa ba.

Ko babu wata alama, a riƙa zuwa awo a ranakun da aka sa, domin kortizon yana iya ɗaga hawan jinin ido ba tare da mutum ya ji komai ba. Idan ka ji kamar tsakuwa a idon, mai yiwuwa zare ne ya saki. Zaren da ya saki yana tara datti yana jawo gyambo, sai a cire shi da wuri, kuma likita ne kaɗai zai taɓa shi. Sauran zaren ana barin su shekara ɗaya ko fiye, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan, bayan nan ne ake auna tabarau na dindindin, don yawancin masu dashe suna buƙatarsa. Bakin ɗinkin kuma ba ya taɓa komawa ƙarfinsa na asali, bugu ɗaya yana iya buɗe shi bayan shekaru. Manomi, maƙeri, mai walda da mai faskare su nemi tabarau mai kauri na kariya, su sa shi duk lokacin da za su kama aiki.